Furen da zai jure ranin Ankara

Ɗana, ka tambaye ni wane fure za ka dasa wa Hajiyar nan ta unguwar Madina, nan Ankara ta Ghana, tunda famfonsu sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ankara ba Kumasi ba ce. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, Kumasi kuwa tana samun wajen 1,400. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu busar da komai yake yi. Ka rabu da furen wardi, wahala kawai za ka saya mata.

Kai mata furen kariya. Tsiron ƙasashenmu ne na can arewa, ya saba da fari. Dubi gindinta, kumburarre kamar tulu, a nan take ajiye ruwanta. Sa'ad da sauran tsirrai suka yi yaushi, ita lokacin take fitar da furenta ruwan hoda. A garin nan yawan ruwa ke kashe ta. Idan ruwan watan Yuni ya kwanta a tukunya, saiwa ruɓewa take yi, ka latsa gindin ka ji ya yi laushi. Saboda haka ka huda tukunyar sosai, ka fara zuba tsakuwa, sannan ka gauraya ƙasa da yashin rafi da ɗan gawayi. Yashin bakin teku kuwa gishiri gare shi, kada ka kusance shi. Ban-ruwa sai ka tura yatsa ka ji ƙasar ta bushe. Kuma ruwan jikinta dafi ne, a da har kibiya ake shafa wa. Ka wanke hannu bayan yanka, ka kuma gaya wa Hajiya ta ajiye ta nesa da jikoki da awaki. Wannan kada ka manta, don Allah.

Jikin katanga ka kafa rassan minjirya farkon damina, cikin Afrilu. Tana kamawa daga reshe, da rani kuma ta zubar da ganye ta yi jan fure. Ni dai ina son lalle kusa da ƙofa, furensa ƙanana amma ƙamshi ya cika tsakar gida, matan gidan ma su mori ganyen. Marga itace ce babba, sai gida mai fili.

Sabon dashe dai, ko mai jure fari ne, yana bukatar ruwa a makonnin farko har saiwa ta kama. Ka riƙa leƙawa gidan da kanka.