Tambaya da Amsa: Da me suka gane hanya a kan ƙanƙara?

Tambaya: Malam, mu nan Garwa kogin Binuwai da duwatsu ke nuna mana hanya. Waɗanda suka je ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara, da me suka gane hanya? Daga wani mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Ɗan'uwa, rana ce jagorarsu. Allurar kamfas maganaɗisun ƙasa take bi, ba ainihin kudu ba, sai an yi mata gyara. Roald Amundsen ɗan Norwe, wanda ya isa can ranar 14 ga Disamba 1911, ya riƙe sekstan, na'urar auna tsayin rana. Yakan zuba zaiba a faranti ya auna hoton rana a ciki, ya haɗa da lokacin da agogo ya nuna. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaramar ƙafar keke da suka ɗaura a bayan kayan da karnuka ke ja, tana ƙirga nisan tafiya.