Me ya sa aka raba Biyetnam gida biyu bayan ta ci Faransa da yaƙi?

Malam, ka tambayi dalilin rabuwar. Rabon na wucin gadi aka yi shi. Bayan dakarun Viet Minh masu neman 'yancin kai, na jagoran 'yan kwaminisanci Ho Chi Minh, sun murƙushe Faransa a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954, taron Janeba ya shata iyaka a kogin Ben Hai: 'yan kwaminisanci su koma arewa, sojojin Faransa kudu, cikin kwana 300, sannan a yi zaɓen haɗe ƙasa a Yuli 1956.

Nan gizo ke saƙar. Amurka da gwamnatin kudu ba su sa hannu a yarjejeniyar ba. Ngo Dinh Diem, shugaban gwamnatin kudu, ya ƙi zaɓen, yana cewa ba za a yi adalci a arewa ba, amma tsoron farin jinin Ho ya fi yawa. Sai 1976 ƙasar ta haɗe, bayan faɗuwar Saigon, babban birnin kudu, a hannun dakarun arewa a 1975.