Ka taya, an ce albarka: ciniki bai faɗa ba

Malam, ka ce mai mota ya sa mata naira miliyan 5, ka taya miliyan 4.5, ya ce albarka. Washegari ka koma da miliyan 5 ɗin cif, ya ce ya fasa. Gaskiya ba ka da ƙarar da za ta tsaya a kotu.

A dokar Ingila da kotunan Najeriya suka gada, yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai an karɓi tayin yadda yake, ba ragi ba ƙari. Da ka ambaci naka farashin, ka kashe tayinsa. An yanke haka tun 1840 a shari'ar Hyde da Wrench: an sa wa gona fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ƙi, ya dawo ya amince da 1,000, kotu ta ce babu ciniki.

Da tambaya kawai ka yi, "ko akwai ragi?", da tayinsa na nan da ransa.

Ko da ya ce zai ajiye maka ita zuwa Juma'a, alkawarin bai ɗaure shi ba, sai in ka biya wani abu musamman domin ajiyar. In za ka biya, a rubuta kuɗin, ranar da lambar motar, ku sa hannu.