Ina Zan Je Na Ƙaro Ilimin Ƙunar Daji?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu kan gobarar daji a Bauchi. Ina ya kamata na nemi ziyarar bincike?

Amsa: Ɗana, fara da gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu. Tun 1954 suke gwaji guda: an yanka daji fili-fili, kowanne kusan hekta 7, wani a ƙone shi duk shekara, wani bayan shekara biyu ko uku, wani kuma ba a sa masa wuta sam. Tsaya a kan iyakar filaye biyu ka gani: nan inda ake ƙonawa ciyawa da itatuwa jefi-jefi, can inda ba a sa wuta kurmi ya rufe. Masana na taruwa a Skukuza, babban sansanin gandun, kowace shekara, a nan ake ƙulla zumuncin aiki.

In kana jin Faransanci, akwai tashar binciken daji ta Lamto a Kwaddibuwa, da ke aiki tun 1962.

Amma don Allah kada ka je hannu rabbana. Rubuta ranar da aka cinna wa dajin unguwarku wuta, farkon kaka ne ko tsakiyar hunturu, mafarauta ne ko makiyaya. Haɗa da hotuna da wasiƙar malaminka, sannan ka tura wa mai binciken da ka karanta aikinsa.