Amsa ga 'yar uwar da ke tsoron shiga jim saboda ƙiba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce likita ya ce ki fara motsa jiki saboda jininki ya soma hawa, amma kina tsoron ki je jim, wato wajen motsa jiki, a zuba miki ido saboda jikinki. Ni ma mai jiki ce, a Kaduna nake, kuma na jima ina zuwa, to bari in faɗa miki abin da na gani.

Gaskiya kallo akwai shi amma ba ya daɗewa, kowa ta kansa yake yi. Abin da ya fi ci min rai koci ne. Wajen da na fara zuwa ko sunana mutumin bai tambaya ba sai cewa ya yi Hajiya hau sikeli, a gaban mutane fa, ya kuma faɗi kilo ɗina da ƙarfi, daga nan ya haɗa ni tsalle-tsalle da 'yan mata sirara, gwiwata ta kumbura, da na yi magana wai ragwanci ne, ƙarshe ma shayin rage teɓa ya so ya sayar min. Wallahi irin wannan ne ke korar masu ƙiba, ba rashin niyya ba. Mai nauyi ba a fara shi da tsalle, duk kilo 1 na jiki kusan kilo 4 yake ɗora wa gwiwa a kowane taku, kocin da bai san wannan ba bai san aikinsa ba.

Don haka kar ki biya kuɗin wata sai kin je kin gani da idonki. Ki biya na rana ɗaya. Ki duba ko akwai masu jiki irin naki a ciki, in babu ko ɗaya to akwai dalili. Ki tambaya ko suna da sashen mata ko lokacin mata zalla da koci mace, da kuma ko suna hana ɗaukar bidiyo, don yanzu kowa waya a hannu sai ki tsinci kanki a TikTok ɗin wata ba ki sani ba. Na'urar gudu ma kowace tana da iyakar nauyin da take ɗauka, ki tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne, kuɗinki kika biya kamar kowa.

Inda nake yanzu kocinmu mace ce, tambayarta ta farko ita ce ina da hawan jini ko suga, ina ke min ciwo. Da keke ta fara ni da tafiya a hankali. Sikeli sai in ni na nema.

Kuma kar ki ɗaura wa kanki sai kin rame. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki take cewa a sati, wato minti 30 sau 5, kuma ko kashi 5 cikin 100 na nauyinki kika rage yana taimaka wa jini da suga. Ki nemi takalmi mai laushi, da dogon wando mai kama cinya a ƙarƙashin rigarki saboda gogewa, da ƙaramin hijabi mara zafi. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba ki fara da zagaye da sassafe ke da wata ƙawa, mu nan Murtala Square ake zuwa, masu jiki da yawa. Maganin jininki kuma kar ki daina sha sai likita ya ce. Allah ya ƙara lafiya.