Fili kusa da layin dogon Kano zuwa Maradi, ko ƙarin mota?

Wani ɗan kasuwar hatsi da ke saye a Dawanau yana kai wa Maradi ya aiko da tambaya. Yana da naira miliyan 40 a hannu, dillalai kuma sun matsa masa ya sayi fili a Jibiya kusa da inda suka ce tashar jirgin ƙasa za ta zauna, ya gina sito kafin wuri ya yi tsada. Shi kuwa da ma niyyarsa ya ƙara babbar mota. Wanne ya fi?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Aikin dai gaskiya ne. Gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2020 a kan kusan dala biliyan 2, aka ba kamfanin Mota-Engil, aka aza harsashi a Fabrairun 2021. Tsawonsa kilomita 284, daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya ya shiga Maradi, da reshe guda zuwa Dutse. Abin da nake jiye maka shi ne lokaci, domin irin wannan aiki ba ya tafiya da agogon ɗan kasuwa. Layin Itakpe zuwa Warri an fara shi a 1987, sai 2020 aka buɗe shi. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki tun 2006 aka ba da izininta, sai Janairun 2023 aka ƙaddamar. Gwamnati tana iya jiran shekara 15 ba ta ji a jikinta ba. Jarin hatsi ba ya iya wannan jira.

Mu yi lissafi da kuɗinka. A ce kana juya miliyan 40 ɗin sau 3 a shekara, kowane juyi yana bar maka ribar kashi 10 cikin 100. Miliyan 12 ke nan a shekara, miliyan 60 a shekara 5, ba tare da an haɗa ribar da ita ma ribar za ta haifa ba. Idan ka binne kuɗin a ƙasa, sai filin ya kai miliyan 100 nan da shekara 5 kafin a ce ka tashi ba ci ba asara. Ka sa alƙalumanka na gaskiya a gurbin nawa, ka ga ko dillalin zai yarda ya rubuta maka wannan farashi a takarda.

Akwai abin da dillalai ba sa faɗa, wataƙila ma ba su sani ba. Jirgin ƙasa yana doke tirela ne a doguwar tafiya da kaya mai yawa, irin Legas zuwa Kano, sama da kilomita 1,000. Sabon layin mai faɗi ne, milimita 1,435, tsohon layin da ya iso Kano tun 1911 kuwa milimita 1,067 ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Mai faɗin ya tashi daga Legas ya tsaya a Ibadan, wani ya tashi daga Abuja zuwa Kaduna, na Kaduna zuwa Kano an fara shi a 2021. Muddin ba a haɗe tsakanin Ibadan da Abuja ba, kwantenar da ta sauka a Apapa ba za ta iso Maradi a tarago ɗaya ba, sai an sauke an sake lodi. A wannan haɗewar babbar ribar take.

A gajeren zango kuwa, kamar naka, duba yadda buhu ke tafiya. A tirela, buhu 300 mai kilo 100 ana loda shi sau ɗaya a ƙofar sitonka, a sauke sau ɗaya a ƙofar mai saye. A jirgi sai mota ta kai shi tasha, a sauke, a loda a tarago, a sake saukewa a can, a sake lodawa a wata mota. Kowane ɗagawa da kuɗin 'yan dako, kowane ƙugiya da buhun da za ta yaga, ga jiran tarago ya cika. Don haka mota ba za ta mutu ba. Abin da zai ƙaru shi ne buƙatar matsakaitan motoci masu tan 10 zuwa 15 da ke jigila tsakanin tasha da kasuwa. Idan za ka sayi mota, ka sayi wadda kayanka na yau za su ciyar da ita, ka kuma ware mata kuɗin taya da gyaran inji tun daga lodin farko.

Sai maganar iyaka, wadda ta fi komai taɓa Jibiya. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Sito a bakin iyaka ranar da aka rufe ya zama kango, mai gadi kuma sai ka biya shi. Sito a Kano ko Katsina yana da masu haya ko iyaka a buɗe take ko a rufe. Tsaro ma haka: harin 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin Abuja zuwa Kaduna har zuwa Disambar shekarar.

Idan zuciyarka ta nace a kan fili, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, wato miliyan 10. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko awon wurin, ka kai ma'aikatar filaye ta jiha a duba ko ya faɗa cikin hurumin layin dogo. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyya kuma a kan gini da shuka ake biya, tsurar ƙasa ba ta da wani abin kirki, balle filin awon igiya da ba shi da takarda sai shaidar mai unguwa. Ka kuma tambaya ƙarara: tashar fasinja ce ko ta kaya? Tashar fasinja tana ciyar da masu abinci, 'yan tasi da masu masauki. Sito yana son wurin da ake lodin tarago, da kwalta har ƙofa, da filin da tirela za ta juya ba tare da ta rushe katangar maƙwabci ba. Ma'aunin ƙarshe: da a ce jirgin ba zai zo ba har abada, akwai wanda zai karɓi hayar wurin bana? In babu, bar musu.

Wani aiki kuma ya fi ƙarfinka kai kaɗai, na ƙungiyarku ne. Tun yanzu da ake shimfiɗa layi ya kamata 'yan Dawanau su rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa da ma'aikatar sufuri, su nemi reshen layi da zai shigo kasuwa, da sikelin awon mota, da rumfar da ruwa ba zai taɓa hatsi ba, da farashin dako a rubuce na kowane tan, da jami'an kwastam a wurin lodi domin kada a sake kwance kaya a iyaka. Su haɗa da adadin tirelolin da ke fita kasuwar a mako, kaka da rani, domin da wannan adadi injiniya ke yanke shawarar inda zai sa reshe. Bayan an zuba kankare, sauya zane sai da sabon kasafi.

Sauran miliyan 30 ɗin ka bar su a hatsi, ka sake duba maganar sito ranar da ka ga taragon kaya ya tashi daga Kano ya sauke a Katsina wata 6 a jere.