Shin taurarin da ake ba yaran sakandare suna nuna jami'ar da za ta yi ƙarfi a ƙwallon Amurka?

Tambaya: Malam, ina bibiyar ƙwallon Amurka ta jami'o'i, kuma duk shekara sai in ga ana cewa jami'a kaza ce ta fi kowa kwasar yara masu taurari. Shin taurarin nan suna nuna wadda za ta ɗauki kofi da wadda 'yan wasanta za su shiga NFL, babbar gasar ƙwararru, ko kuwa talla ce kawai? Na ji an ce fitaccen ɗan wasan NFL Patrick Mahomes ma tauraro uku aka ba shi.

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, uku aka ba Mahomes kafin ya tafi Texas Tech, kuma a 2017 shi ne na 10 da aka ɗauka a zaɓen 'yan wasa na NFL. Josh Allen ma ya fi shi shan wahala, don babu babbar jami'ar da ta kula shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwalejin Reedley sannan ya samu Wyoming. Amma kada waɗannan su ruɗe ka. Taurari kan yi kuskure a kan yaro ɗaya, sai dai idan aka tara yara tamanin wuri guda, da wuya su yi ƙarya.

Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN ne ke ba da taurarin, daga biyu zuwa biyar. Suna duba tsayin yaro da nauyinsa, da gudunsa a yadi 40, da bidiyon wasanninsa, da abin da ya yi a sansanin gwaji, sannan da jami'o'in da ke zawarcinsa. 247Sports yara 32 take ba tauraro biyar a shekara, daidai da adadin waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL. Masu huɗu 'yan ɗaruruwa ne, masu uku kuwa sun haura dubu.

A nan ne mutane ke tafka kuskuren lissafi. Sai ka ji an ce ai masu tauraro uku sun fi masu biyar yawa a NFL, don haka taurarin ba su da amfani. Dole su fi yawa mana, tunda tun daga farko sun ninka su sau da yawa. Abin dubawa shi ne kaso nawa na kowane rukuni ke kai wa. A cikin masu biyar, kusan rabi ko fiye ake ɗauka, alhali a cikin masu uku ko ɗaya cikin goma ba a samu. Jadeveon Clowney da Myles Garrett da Trevor Lawrence duk masu biyar ne tun suna sakandare, kuma kowannensu shi aka fara ɗauka a shekararsa: 2014 da 2017 da 2021.

Batun kofi kuma, akwai ma'aunin da ɗan jarida Bud Elliott ya fito da shi a 2013. Ana haɗa duk yaran da jami'a ta ɗauka daga sakandare cikin shekaru huɗu a jere, a ga kaso nawa ne masu tauraro huɗu da biyar. Ƙa'idarsa ita ce sai sun haura rabi kafin a saka jami'a a lissafin ɗaukar kofin ƙasa. Daga kakar 2013 har ta 2024 babu zakaran da ya saɓa wa wannan. Wasu da ƙyar suka tsallake, kamar Clemson a 2016 da kashi 52 da Michigan a 2023 da kashi 54, amma dai sun tsallake.

Dalilin bai wuce yanayin wasan ba. Wasa ne na karo da juna, ana jin rauni kusan kowane mako, kuma ƙattin da ke tsayuwa a layin gaba, masu nauyin kilo 130 da ke iya gudu, ba su da yawa a duniya. Jami'ar da ta tara su tana iya sauya wanda ya gaji da wani kamarsa. Wadda ba ta da su za ta iya yin abin mamaki a wasa ɗaya, amma ba za ta jure wasa uku ko huɗu a jere da manya ba. Jami'ar TCU ta kai wasan ƙarshe a Janairun 2023, Georgia ta lallasa ta 65 da 7. Watanni kafin nan, a zaɓen 2022, an ɗauki 'yan Georgia 15, biyar daga cikinsu masu tsaron baya a zagayen farko, amma duk da haka waɗanda suka maye gurbinsu suka sake cin kofin. Wannan shi ne amfanin tara taurari.

Sai dai cika sharaɗi daban, cin kofi daban. Texas A&M ce ta zo ta ɗaya a ɗibar yara a 2022, amma a kakar ta ci wasa 5 ta sha kashi a 7, da yawa daga yaran suka watse, kuma a Nuwamban 2023 aka sallami koci Jimbo Fisher. Tauraro ba ya auna horarwa, ba ya auna tarbiyya, ba ya hango rauni. Masu tantancewar kuma sun fi kuskure a gurbi biyu: kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar hari, saboda aikinsa na ƙwaƙwalwa ne, da masu kare shi a layin gaba, saboda jikin ɗan shekara 17 bai gama cika ba. Akwai kuma wata matsalar: da zarar Alabama ko Ohio State ta nuna sha'awar yaro, sau da yawa sai darajarsa ta tashi, don haka wani ɓangare na jadawalin ra'ayin manyan kociyoyi ne aka maimaita.

Abin da ya fi girgiza ma'aunin shi ne sauya sheƙa. Tun 2021 ɗan wasa na iya komawa wata jami'a ya ci gaba da buga wasa nan take, kuma a shekarar ce aka ba su damar samun kuɗi da sunansu. Koci Curt Cignetti ya je Indiana da 'yan wasan da ya horar a James Madison, ya ɗauko kwatabak Fernando Mendoza daga jami'ar Kalifoniya, suka ci kofin kakar 2025 ba a doke su ko sau ɗaya ba, alhali ba su kusa cika ƙa'idar Elliott ba. A ganina wannan bai kashe ma'aunin ba, amma ya nuna cewa ɗan shekara 22 da ya riga ya buga kaka uku an san abin da zai iya fiye da yadda tauraron sakandarensa zai faɗa.

Don haka in za ka auna jami'a, kada ka tsaya a jadawalin shekara ɗaya, ka haɗa huɗu. Ka duba matsakaicin makin yaran, ba jimilla ba, don jami'ar da ta ɗebi 28 kan wuce wadda ta ɗebi 18 ko da na biyun sun fi nagarta. Ka cire waɗanda suka bar makarantar, ka ƙara waɗanda suka shigo; 247Sports na da jadawali na musamman da ke ƙirga waɗanda ke cikin ƙungiya a yanzu. Sannan ka duba a ina taurarin suka taru, domin biyar a layin gaba sun fi goma a cikin masu cafe ƙwallo amfani. Kwatabak kuwa ka auna shi da wasannin da ya buga a jami'a, ba da abin da aka rubuta a kansa yana sakandare ba.